GIWAN RUWA: HALITTARSA DA HANYAR KIWONSA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda masunta ke fitowa daga kogin Matan Fada da homa da gora, kowa yana rungume da abin da Allah ya ba shi, ana kai wa ma'auni. Kifin da ya fi rinjayar sikeli a wannan rana, sau da yawa giwan ruwa ne. Tun daga 1934 ake wannan biki, a 2016 kuma Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye.

An shirya wannan darasi ne domin masunta, da manoma masu tafkin kiwon kifi, da malaman gona, da ɗalibai. Kifin da ake kamawa da wanda ake kiwo a Nijeriya bai wadaci jama'arta ba, shi ya sa kowace shekara ake kashe kuɗi masu yawa wajen shigo da daskararren kifi daga ƙasashen waje. Saboda haka wajibi ne mu san kifayenmu na gida, mu kuma san yadda za mu amfana da su ba tare da mun ƙarar da su ba. Abu guda da za ka riƙe tun daga farko shi ne wannan: giwan ruwa kifi ne mai cin kifi. Dukan amfaninsa da dukan hatsarinsa daga wannan hali suka fito.

1. Kamanninsa

Masana ilmin halittu suna kiransa Lates niloticus, watau sun jingina shi ga kogin Nilu. Hausawa kuwa girmansa suka duba suka sa masa suna, gama yana cikin manyan kifayen ruwa mai daɗi na duniya. Yakan kai tsawon mita 2, nauyinsa kuma ya kusanci kilo 200, ko da yake irin wannan ƙato ba kasafai ake gamuwa da shi ba. Yawancin waɗanda ake kawowa kasuwa ba su ko kusa da haka.

Jikinsa fari ne mai ƙyalli kamar azurfa, gadon bayansa kuma ya ɗan yi duhu. Idonsa baƙi ne da zobe ruwan ɗorawa kewaye da shi. Bakinsa yana da faɗi ƙwarai, leɓen ƙasa ya ɗan zarce na sama, haƙoransa kuwa ƙanana ne birjik kamar na zarto, ba irin na tsage masu tsini ba. Dalili kuwa, shi ba ya yanka abinci, zuƙo shi yake yi ya haɗiye ɗungum. Fiffiken bayansa kashi biyu ne: na gaba mai ƙayoyi masu ƙarfi guda 7 ko 8, na baya mai taushi. Wutsiyarsa kewayayya ce, ba ta rabu biyu ba. A gefen kumatunsa akwai ƙayoyi masu kaifi waɗanda kan yanki hannun wanda bai iya riƙonsa ba, su kuma yaga raga.

'Ya'yansa ba su kama da iyayensu a launi. Jikinsu dabbare-dabbare ne da ratsi masu duhu, abin da ke ɓoye su cikin ciyawar bakin ruwa. Ya kamata manomi ya san wannan kama, domin kada ɗan giwan ruwa ya shiga tafkinsa cikin irin kifi bai sani ba.

2. Inda ake samunsa

A ƙasarmu ana samunsa a kogin Kwara da kogin Binuwai da rassansu, da kogin Rima, da Tafkin Chadi, da kuma Tafkin Kainji wanda ya samu bayan an gama gina madatsar ruwa a 1968. A sauran Afirka akwai shi a kogunan Nilu da Sanagal da Bolta da Kwango, da tafkunan Albat da Turkana. Misirawan dauri sun girmama shi har suna shafe gawarsa da magani su binne, kamar yadda aka tono a garin Esna.

Manya sun fi son ruwa mai zurfi, gurbi ko gindin dutse ko inda itace ya faɗa ruwa, su laɓe suna jiran abin da zai gifta. Ƙanana kuwa a bakin gaɓa suke zama, cikin ciyawa da ruwan da ya malala fadama da damina.

3. Numfashi da abinci

Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke cikin ruwa ta jajayen sassan nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta dabam a ka wadda take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa takan rayu cikin taɓo, a kuma kai ta kasuwa da rai cikin ɗan ruwa kaɗan. Giwan ruwa ba shi da wannan gata. Da zarar ruwa ya gurɓata ko iska ta yi ƙaranci a cikinsa, yana cikin na farkon mutuwa, kuma manyan su ke riga ƙanana. Wanda ya saba da kiwon tarwaɗa ya lura da wannan bambanci da kyau.

Abincinsa yana sakewa gwargwadon girmansa. Sabon ƙyanƙyasa yana cin ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya gani sosai. In ya ɗan tasa sai ya koma kan tsutsotsin ƙwari da ƙananan jatan lande. Tun bai wuce tsawon yatsa ba yake fara haɗiye 'ya'yan kifi, daga nan kuma kifi ne abincinsa har ƙarshen ransa: karfasa, da kawara, da duk wanda ya shiga bakinsa. Yakan haɗiye kifin da ya kai sulusin tsawon jikinsa. Bai bar ɗan'uwansa ba, babba yana cin ƙarami in sun haɗu wuri guda.

4. Hayayyafa da girma

Giwan ruwa yakan balaga yana da kimanin shekara 3. Namiji yana riga mace balaga, yana da tsawon rabin mita ko fiye kaɗan, amma mace ta fi shi girma nesa, kusan dukan ƙattin da ake kamawa mata ne. Babbar mace guda tana ɗauke da miliyoyin ƙwai. Ba ta yin sheƙa, ba ta kuma gadin ƙwanta. Zuba shi take yi cikin ruwa, namiji ya barbare shi, ya yi ta yawo bisa ruwa saboda ɗigon mai da ke cikinsa, ya ƙyanƙyashe cikin kamar kwana guda. Mafi yawan 'ya'yan sauran halittun ruwa ne ke cinye su, kaɗan ne ke tsira. A koguna an fi ganin 'ya'yan a lokacin cikar ruwa.

Yana girma da sauri a shekarunsa na farko, kana girman ya riƙa raguwa. Yakan rayu har shekara 16. Abin lura a nan shi ne, wanda ya kama giwan ruwa mai tsawon kamu ɗaya ya kashe kifin da bai taɓa haihuwa ba, wanda kuma da an bar shi shekara 2 ko 3 da kuɗinsa ya ninka sau da yawa.

5. Darasi daga Tafkin Biktoriya

Kafin mu shiga batun kiwo, sai mu leƙa Afirka ta Gabas mu ga abin da kan faru in an kai wannan kifi inda ba gidansa ba. Tafkin Biktoriya, wanda ƙasashen Yuganda da Kenya da Tanzaniya suka kewaye, asali ba shi da giwan ruwa. A shekarun 1950 aka zuba shi ciki da nufin ya cinye ƙananan kifaye marasa tsada ya mai da su nama mai daraja. An yi fiye da shekara 20 ba a ga wani abin kirki ba. A shekarun 1980 sai ya yaɗu ya cika tafkin.

Ta wajen kuɗi an samu riba. An kafa masana'antun feɗe kifi a garuruwa kamar Mwanza da Kisumu da Jinja, ana aika tsokarsa Turai, dubban mutane suka sami aikin yi. Amma tafkin yana da wasu ƙananan kifaye dangin karfasa kimanin iri 500 waɗanda babu su ko'ina a duniya sai nan. Kimanin iri 200 daga cikinsu suka ɓace, giwan ruwa kuwa shi ne babban dalili, tare da gurɓatar ruwa da yawan kamu. Talakawan da suka saba shanya ƙananan kifaye a rana suka rasa su. Shi kuma sabon kifin yana da kitse, ba ya shanyuwa sai an ƙyafe shi, aka shiga saran itatuwa. Daga baya shi kansa ya fara raguwa saboda yawan kamu, har hukumomin ƙasashen uku suka ƙayyade cewa kada a kama sai mai tsawon santimita 50 zuwa 85.

A kogin Kwara da Tafkin Chadi ba a ga irin wannan ɓarna ba, domin kifayen da ke ciki tun fil azal tare suke da shi, kowane iri ya san yadda yake kuɓuta. Darasin a fili yake: kada kowa ya ɗauki giwan ruwa ya zuba a madatsar ruwa ko tafkin gari inda babu shi a da, sai da iznin hukumar kula da harkar kifi.

6. Ana iya kiwonsa?

Kiwon giwan ruwa shi kaɗai, kamar yadda ake kiwon tarwaɗa, yana da wuya saboda dalilai huɗu. Na ɗaya, babu wadatar irinsa daga gidajen ƙyanƙyasa, yawanci daga kogi ake kamo 'ya'yan. Na biyu, ya fi son abinci mai motsi, sabar masa da abincin buhu sai da wahala. Na uku, kafin ya ƙara kilo guda sai ya ci kilo da yawa na wani kifin, wanda shi ma abincin mutane ne. Na huɗu, yana cin 'yan'uwansa, har mai tafki ya zuba da yawa ya kwashe kaɗan.

Yana da wani ɗan'uwa a Asiya da Ostareliya mai suna baramundi, wanda masana a ƙasar Tailan suka gano hanyar ƙyanƙyasarsa a shekarun 1970, yanzu kuma ana kiwonsa da abincin buhu a ƙasashe da dama. Wannan ya nuna ƙofa a buɗe take ga masu bincike. Amma ga manomi na yau, hanyar da ta fi dacewa ita ce ya sa giwan ruwa ya zama ɗan aikinsa cikin tafkin karfasa.

Ga yadda abin yake. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, tana da sauƙin kiwo, tana cin ganye da dusa da koren ruwa. Aibinta guda ne, saurin haihuwa. A cikin tafki takan fara ƙwai tun tana 'yar wata kaɗan, uwar ta riƙe ƙwan a baki har ya ƙyanƙyashe, bayan 'yan makonni ta sake. Kafin a ankara tafki ya cika da dubban 'ya'ya masu rabon abinci da iyayensu, a zo girbi a tarar da tulin kifi duk tsumburarru, babu na kai wa kasuwa. In akwai giwan ruwa kaɗan a ciki, sai su riƙa cinye 'ya'yan, abinci ya ishi manyan su yi ƙiba. Mai tafki ya ci riba biyu: karfasa manya, da giwan ruwa wanda bai sayi abincinsa ba.

7. Matakan aiki

(a) Zaɓen wuri. Nemi ƙasa mai laka wadda ke riƙe ruwa, kusa da ruwan da ba ya ƙafewa, inda ambaliya ba ta kaiwa. Ka jiƙa ƙasar ka dunƙula ka jefa sama ka cafe. In ba ta wargaje ba, za ta riƙe ruwa.

(b) Haƙa tafki. Zurfinsa ya zama kamar mita 1 a gefe guda, ya gangara zuwa mita 1 da rabi a ɗaya gefen. A yi mashigar ruwa a sama, mafita a wajen zurfin, yadda za a iya tsiyaye shi ƙaf. A ɗaura raga mai ƙananan idanu a bakin kowace, domin baƙon kifi kada ya shigo, na ciki kuma kada ya fita. Wannan sharaɗi ya fi ƙarfi in akwai giwan ruwa a tafkin.

(c) Takin ruwa. Zuba kashin kaji ko na shanu gwargwado har ruwan ya zama kore. Gwajinsa shi ne ka tsoma hannu har gwiwar hannu. In kana ganin tafinka sarai, taki bai isa ba. In tafin ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu ba, taki ya yi yawa, sai ka dakata ka ƙara sabon ruwa.

(d) Zuba karfasa. Ita ake fara zubawa, guda 1 ko 2 a kowane murabba'in mita. Ciyar da ita dusar shinkafa ko ta masara da tunkuza, safe da yamma, a wuri guda, gwargwadon abin da za ta cinye nan take.

(e) Zuba giwan ruwa. Jira sai karfasa ta girma ta fara haihuwa, ka ga 'ya'ya suna yawo a bakin tafki. Sa'an nan ka kawo 'ya'yan giwan ruwa waɗanda ba su kai karfasar da ka zuba tsawo ba, domin kada bakinsu ya iya haɗiye ta. Su zama kai ɗaya, kada wani ya fi wani. Kaɗan ake sawa, guda ɗaya ga karfasa masu yawa. In sun yi yawa za su ƙarar da 'ya'yan su koma cin juna, in sun yi kaɗan ainun ba za su rage kome ba. Malamin kifi na yankinku zai ƙayyade maka adadi bisa girman tafkinka.

(f) Ɗaukowa. Yi jigilarsu da sassafe cikin ruwa mai tsabta, kada a cunkusa su. Jiƙa hannu kafin ka taɓa su. In ka iso, ka riƙa zuba ruwan tafki kaɗan kaɗan cikin mazubin har ɗuminsu ya daidaita, kana ka karkata shi su fita da kansu.

(g) Kula ta kullum. Zagaya tafki da asuba, gama a lokacin ne iska ta fi ƙaranci cikin ruwa, sabili da koren ruwa da dare shaƙar iska yake yi, sai rana ta fito yake bayarwa. In ka ga kifi sun taso sama suna buɗe baki, tsai da abinci da taki, ka sako sabon ruwa nan da nan. Lokacin hunturu kifi ba ya ci sosai, sai ka rage abinci. Sare ciyawar bakin tafki, ka kuma yi tsaron tsuntsaye da guza da ɓarayi.

8. Girbi da adanawa

Bayan kamar wata 6 zuwa 8 karfasa takan isa sayarwa. Rage ruwa, ka ja taru, kana ka tsiyaye tafkin duka. Kada ka bar giwan ruwa ko guda ɗaya a ciki, domin wanda ya saura zai cinye sabon irin da za ka zuba. Bar gindin tafkin ya sha rana har ya tsattsage kafin ka sake cika shi.

Naman giwan ruwa fari ne, mai kauri, ba shi da ƙananan ƙayoyi cikin tsoka, shi ya sa masu otal da matan gida ke rububinsa. Amma yana saurin lalacewa cikin zafi. Feɗe shi da wuri, ka cire kayan ciki, ka wanke da ruwa mai tsabta, ka sa cikin ƙanƙara. Inda babu ƙanƙara sai a yanka gunduwa gunduwa a yi banda. Rufaffen murhu mai faifan waya hawa hawa ya fi buɗaɗɗen rami cin itace kaɗan, bandarsa kuma ta fi kyau. Kada a kuskura a fesa wa banda maganin ƙwari na gona don korar ƙwaro, guba ce ga mai ci. Jakar iskar da ke cikin cikinsa ma kuɗi ce. In an wanke ta an shanya, 'yan kasuwa suna saye su kai ƙasar Sin inda ake miya da ita.

9. Kiyaye na kogi

Tun da daga kogi irin yake fitowa, mai tafki da masunci jirgi ɗaya ya ɗauko su. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, giwan ruwa kuma ya ragu a cikinsa da ruwan ya zama fadama mara zurfi. Wannan ba ya hannun masunci. Amma akwai ɓarnar da ke hannunmu.

Dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta 1992 ta hana su da nakiya, ko guba, ko wutar lantarki. Ta kuma hana raga mai idanun da ba su kai milimita 76 ba, watau inci 3, sai dai ragar da aka keɓe don wasu ƙananan kifaye waɗanda ba su girma. Wanda ya zuba magimfa ko maganin ƙwari a gurbi ya kashe babba da ƙarami da ƙwai gaba ɗaya, ya kuma sa ran masu shan ruwan cikin hatsari. Wanda ya ja gidan sauro a bakin gaɓa ya kwashe kifin baɗi da na baɗin waccan.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a rubuta doka. Sarkin Ruwa yakan rufe gurbi, ba mai jefa ƙugiya sai ranar da aka buɗe. Ƙattin da ake gani a Argungu albarkacin wannan hani ne, gama ana tsare wurin a sauran watannin shekara. Ana roƙon sarakunan ruwa da shugabannin masunta su riƙe wannan al'ada, su kuma haɗa kai da ma'aikatan kifi.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin kula da kifi na jiharsa, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwa Mai Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja.

Tambayoyi

1. Me ya sa tarwaɗa ke jure gurɓataccen ruwa, giwan ruwa kuwa ba ya jurewa?
2. Kawo dalilai huɗu da suka sa kiwon giwan ruwa shi kaɗai yake da wuya.
3. Wane amfani yake yi a tafkin karfasa, kuma a wane lokaci ake zuba shi?
4. Wace riba aka samu a Tafkin Biktoriya, wace hasara kuma aka yi?
5. Waɗanne hanyoyin su ne doka ta hana?

In ka karanta wannan takarda, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba. In ƙaramin giwan ruwa ya faɗa komarka, mai da shi ruwa da ransa, zai dawo maka da nauyi.